Bayan An Naɗe Tabarmin Suna: Lissafin Haihuwa a Dutsin-Ma da Kurfi

Rana ta takwas da haihuwa ba ta da suna a al'ada, amma duk magidancin da aka yi wa ƙaruwa ya san ta. A ranar ne mai kujerun haya yake zuwa ɗaukar kayansa, a naɗe tabarmi, baƙin da suka kwana su yi sallama a ba su kuɗin mota. Naman rago ya riga ya bi gidaje. Mai jego tana da sauran kwana 32 na wanka a gabanta, ga itace, ga kunu, ga abinci mai gina jiki da shayarwa take buƙata. Shi kuwa maigida, ko malami ne a wata sakandare a Kurfi ko ma'aikaci a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, yana zaune yana lissafin abin da ya ranta da ranar da albashi zai shigo.

A yawancin gidaje, kuɗin da haihuwa take tarawa sukan shigo cikin mako guda su fice cikin mako guda, alhali buƙatar jariri tana ƙaruwa ne wata bayan wata har ya cika shekara biyu. Ɗan abin da hukuma ta tanada kuma ba ya zuwa ya ƙwanƙwasa ƙofa: yana cikin takardu, wasunsu da wa'adi, wanda bai nema ba ya rasa. Gyaran waɗannan abubuwa biyu yana hannun iyaye, musamman masu ilimi da albashi, waɗanda sauran jama'a suke kwaikwayo.

Tallafin da aka gada

Najeriya ba ta da kuɗin tallafin yara na bai-ɗaya irin wanda ake biyan kowane iyali a wasu ƙasashe. Ingila ta kafa dokar alawus na iyali a 1945, aka fara biya a 1946, kuma har yau ana bai wa iyaye kuɗi a kan 'ya'yansu. Afirka ta Kudu ta fara tallafin yaran talakawa a 1998. Ko a Maraɗi, wadda Bakatsine yake ɗauka tamkar bayan gida, ma'aikacin da yake da rajista a asusun kula da ma'aikata na Jamhuriyar Nijar yana da alawus na goyon ciki da na haihuwa da na yara, komai ƙanƙantarsa. A Najeriya abin da ya fi kusa da haka shi ne rangwamen da tsohuwar dokar haraji ta yi, na naira 2,500 a shekara ga kowane ɗa har 'ya'ya huɗu, adadin da hauhawar farashi ya mayar abin dariya tun da daɗewa.

Wannan giɓi zumunci ne ya cike shi. Da zarar an ji labarin haihuwa, mata suke fara zuwa barka da sabulu da zani da kayan jarirai. Iyayen mai jego su ɗauki nauyin wanka, musamman a haihuwar fari da ake zuwa goyon ciki gida. Dangin miji su kawo gudummawa, abokan aiki su haɗa kuɗi a ofis, ƙawayen biki su mayar da abin da aka taɓa kai musu. Masaniyar tattalin arziki Polly Hill, wadda ta zauna a Ɓatagarawa ta wallafa littafinta kan zaman karkarar Hausa a 1972, ta bayyana biki a matsayin musayar gudummawa mai ƙa'ida, ba kyauta tsurarta ba. Kowace mace ta san wa ta kai wa me, kuma ta san abin da take jira.

Idan aka duba da idon lissafi, biki inshora ce. Mace tana zuba kaɗan-kaɗan a shagulgulan wasu, ranar nata ya zo ta karɓa a dunƙule. Tsari ne mai hikima, ya kuma riƙe mutane a zamanin da babu banki babu asibiti. Sai dai yana da rauni biyu. Na farko, yana biya ne ranar shagali, ba ranar da yaro ya kamu da gudawa cikin dare ba. Na biyu, abin da aka karɓa bashi ne, kuma a al'adar biki sau da yawa ana mayarwa ne da ƙari. Macen da ta cinye kuɗin bikinta a yinin suna ta cinye abin da za ta biya daga baya, a farashin da ya fi na yau.

Abin da addini ya nema da abin da aka ɗora

Hujjar da aka fi kawowa wajen kashe kuɗin suna ita ce addini. Ya kamata a raba abin da addini ya nema da abin da al'ada ta ƙara. A mazhabar Malikiyya, wadda aka ginu a kanta a ƙasar Katsina, yankan suna abin so ne ga mai hali, dabba ɗaya a rana ta bakwai, namiji aka haifa ko mace. Haka yake a Muwaɗɗa da Risala, littattafan da almajiran zaure suka sani. Ana aske kan jariri, a yi sadaka da kwatankwacin nauyin gashin na azurfa ko zinariya, a raɗa suna. Mukhtasar na Shehu Halilu ma ya lissafa mayar da naman walimar da ake gayyato mutane cikin abubuwan da aka ƙi. Abin da aka fi so shi ne a ci, a bai wa maƙwabta, a yi sadaka. Babu inda aka ce marar hali ya ci bashi don ya yanka.

Abin da aka wajabta shi ne wanda ba a cika yi masa taro ba. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shayarwa ta shekara biyu cikakku ga mai son cikawa, ta ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita gwargwadon hali. Ke nan nauyin da shari'a ta ɗora ya bi tsawon wata 24 ne, bai taƙaita ga yini ɗaya ba.

Sauran kuwa, rago na biyu, da anko, da lefen fitar suna, da rumfa da kujeru, da mai hoto, da robobi da jakunkuna masu ɗauke da sunan jariri da ake rabawa, duk ƙari ne. Wasu ba su kai shekara talatin da shigowa ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a 29 ga Mayu 2023, nauyinsu ya ninka. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamba 2024. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda aka sa wa hannu a Yuli 2024, naira 70,000 ne, kuma rago madaidaici a kasuwa yakan haɗiye wannan adadi ya nemi ƙari. Ƙaramin ma'aikacin da ya yi suna irin na babban darakta ya daka rawar wani ne, zai kuma rasa turmin daka tasa.

Dalilin da ya sa wannan lissafi ya wuce maganar tsimi shi ne halin da yara suke ciki a jihar. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana a Yuli 2025 cewa yara 652 sun rasu sakamakon tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar. Masana abinci suna kiran lokacin daga ɗaukar ciki zuwa cikar shekara biyu kwanaki dubu na farko, domin tsumburewar da ta kama yaro a wannan tsakani da wuya ta gyaru. Lokaci mafi hatsari yana farawa ne daga wata na shida, sa'ad da nono kaɗai ya daina wadatarwa, yaro ya soma buƙatar ƙwai da wake da kifi da ganye, ba koko zalla ba. A daidai wannan lokaci ne gidaje da yawa suke kan biyan bashin suna.

Haƙƙoƙin da suke jiran a nema

Rashin alawus na yara ba ya nufin babu komai. Akwai haƙƙoƙi da doka ta tanada, kuma kusan dukkansu suna rataye da takarda ɗaya.

Takardar haihuwa ita ce mabuɗi. Dokar tilasta rajistar haihuwa da mutuwa ta 1992 ta ɗora aikin a kan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ta kuma ce rajistar da aka yi cikin kwana 60 kyauta ce. Katin da asibiti yake bayarwa shaida ce ta cewa an haihu a can, ba ya maye gurbin takardar hukumar. Da wannan takarda da lambar ɗan ƙasa ta ɗaya daga cikin iyaye ake samar wa yaro tasa lambar NIN, wadda yanzu ake nema wajen jarrabawar shiga jami'a da fasfo da shirye-shiryen tallafin gwamnati. Jami'an rajista suna zama a sakatariyar ƙananan hukumomi da manyan asibitoci. Uban da ya kwashe kwana shida yana zagayen kai goron suna yana iya ware safiya ɗaya don wannan. Wanda ya bari sai yaro ya girma zai ƙare a kotu yana rantsuwar shekaru, da kuɗinsa.

Na biyu inshorar lafiya. A Najeriya fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun marasa lafiya yake fitowa kai tsaye, shi ya sa kwanciya ɗaya a asibiti take iya rusa tanadin shekara. Dokar NHIA ta Mayu 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowa. Tsarin ma'aikatan tarayya ya ƙunshi ma'aikaci da abokin aure ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, kuma kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani kawai ake biya. Abin da mutane da yawa suke mantawa shi ne jariri yana cin gajiyar rajistar iyayensa ne na mako 12 na farko kawai. Kafin wa'adin ya cika dole a kai takardar haihuwa a sa sunansa, in ba haka ba ranar da aka kai shi asibiti za a tarar ba ya cikin jerin. Mai mata fiye da ɗaya, ko mai 'ya'ya fiye da huɗu, wanda shi ne halin gidaje da yawa a wannan yanki, yana iya ƙara sauran da biyan kuɗi a kan kowane mutum. Idan miji da mata duk ma'aikata ne, yana da kyau su tambayi yadda za a raba yaran tsakanin rajistarsu biyu. Ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi kuwa hukumar KTSCHMA ce tasu, wadda aka kafa a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. Wanda ake cire wa kuɗi daga albashi duk wata amma bai taɓa zuwa ya sa sunan iyalinsa ba, yana biyan kuɗin abincin da bai ci ba ne.

Ga marasa albashi, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, da nufin a samu cibiya ɗaya a kowace gunduma inda masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara biyar daga gidajen marasa ƙarfi za su samu kulawa ba tare da biya ba, idan an yi musu rajista. A Nuwamba 2024 Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa galihu a asibitocin da aka amince da su. Gurabe ba su da yawa, kuma ba kowane asibiti ne yake cikin tsarin ba. Saboda haka tambayar ya kamata a yi ta tun lokacin awon ciki, ba daren naƙuda ba.

Na uku hutun haihuwa. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya bai wa mace mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta. Idan ta yi wata shida ko fiye tana aiki a wurin, dole a biya ta aƙalla rabin albashi. Mai shayarwa tana da rabin awa sau biyu a yini, kuma ba a yarda a ba ta takardar sallama tana cikin hutun ba. Wannan shi ne ƙasan ƙasa, kuma ya shafi malamar makaranta mai zaman kanta da ma'aikaciyar shagon magani matuƙar suna cikin waɗanda dokar ta kira ma'aikata. Ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya sun ba da abin da bai gaza mako 16 ba da cikakken albashi. Jihar Kaduna ta kai nata zuwa wata shida a 2019. Ga maza kuma, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da hutun uba a Satumba 2021, aka fitar da sanarwar aiwatarwa a Nuwamba 2022: kwanakin aiki 14, sau ɗaya cikin shekara biyu, har 'ya'ya huɗu. Jami'o'i da kwalejoji irin su Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita suna da nasu kundin sharuɗɗan aiki, kuma karanta shi kafin haihuwa ya fi jin labari daga bakin abokin aiki. Maza da yawa suna kunyar neman wannan hutu, suna ganin jego harkar mata ce. Amma kwanakin nan ne uba zai yi rajistar haihuwa, ya sa suna a inshora, ya kai jariri riga-kafi, ya kuma lura idan mai jego ta fara kumburi ko zubar jini ko numfashi sama-sama, alamomin da ba sa jira a gama wanka.

Na huɗu abubuwan da ake bayarwa kyauta, waɗanda tsallake su yake da tsada. Allurar tarin fuka da ta ciwon hanta da ɗigon shan-inna ana yin su ne tun daga haihuwa, sai a koma a mako na 6 da na 10 da na 14, sannan ta ƙyanda da ta shawara a wata na 9. Duk babu ko sisi a asibitin gwamnati. Da damina ana bi gida-gida da maganin riga-kafin zazzaɓin cizon sauro ga yara daga wata 3 zuwa wata 59, shirin da Katsina tana cikin wuraren da aka fara gwada shi a 2013. Shayar da nono zalla na wata shida, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawara, shi ne tanadi mafi girma a duk lissafin: yana kawar da kuɗin madarar gwangwani, yana kuma rage gudawar da ruwa marar tsabta yake kawowa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ne kawai suke samun haka. Sai dai nono ba kyauta ba ne gaba ɗaya. Kuɗinsa shi ne abincin uwa da hutunta.

Na biyar abu ne da ba a son ambatonsa ranar farin ciki. Dokar Fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Ma'aikata da yawa har yanzu sunan da suka rubuta ranar ɗaukar aiki, na uba ko yaya, shi ne a fayil ɗinsu. Haihuwa dama ce ta sabunta waɗannan bayanai a ofis da wurin mai kula da fansho. Rubuta suna ba ya canza rabon gado na shari'a, amma yana rage wa marayu da uwarsu shekarun yawo tsakanin ofisoshi.

Inda za a ajiye abin da aka tsimar

A ƙaddara ma'aikaci ya yanka rago ɗaya, ya bar rumfa da anko da kayan rabo, ya rage naira 150,000 daga abin da ya yi niyyar kashewa. Idan aka raba wannan a kan wata 18, daga wata na shida zuwa yaye, ya haura naira 8,000 a wata. Ba dukiya ba ce, amma ta isa ta sa ƙwai da wake a kwanon yaro sau da dama a mako. Tambayar ita ce inda kuɗin za su zauna har lokacin.

Amsar kakanni ita ce tunkiya ko akuya. Ana saya wa jariri 'yar tunkiya da kuɗin barka, ta hayayyafa, har ta yi masa kuɗin makaranta ko kayan ɗaki. Dabba tana bin farashi, hauhawa ba ta cinye ta kamar yadda take cinye naira. Amma a Dutsin-Ma da Kurfi, da maƙwabtansu Safana da Batsari da Ɗanmusa, satar dabbobi ta sa wannan asusu ya zama mai hatsari, musamman kiwon da ake bayarwa a ƙauye. Ɗaya ko biyu a cikin gida a gari sun fi garke a bakin daji.

Banki ma ba ya wadatarwa shi kaɗai. Mutanen waɗannan ƙananan hukumomi biyu suna cikin waɗanda aka katse wa layukan waya a Satumba 2021 saboda matsalar tsaro, kuma kowa ya tuna ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da mai kuɗi a asusu ya kasa sayen magani. Darasin shi ne a raba ƙafa. Kaso na farko kuɗin gaggawa ne a hannu, wanda zai isa mota zuwa babban asibitin Dutsin-Ma ko na Kurfi, ko Katsina idan ta kama, da maganin daren farko. A ajiye shi inda uwar ɗa ta sani kuma take da ikon ɗauka ko maigida ba ya nan. Kaso na biyu hatsi ne, gero da masara da wake da waken suya, a saya da kaka don ci, ba don jiran tsada ba. Kaso na uku asusu ne da ba a taɓawa. Mai gudun kuɗin ruwa yana da bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo a 2019, ga kuma takardun sukuk da gwamnatin tarayya ta fara sayarwa a 2017. Hukumar NDIC tana lamunce ajiya har naira miliyan 5 a manyan bankuna da miliyan 2 a ƙananan bankuna masu lasisi tun 2024. Ƙungiyoyin tsimi da tanadi na wuraren aiki suna da fa'ida ɗaya babba: ana cirewa kafin albashi ya iso hannu.

Adashe yana da muhallinsa, musamman idan aka tsara kwasa ta faɗo a wata na takwas na ciki ko wata na shida bayan haihuwa. Amma ba ya ƙara ko kwabo, kuma ƙarfinsa ya dogara da amanar uwar adashe. Abin da ba shi da muhalli ko kaɗan shi ne duk wani shiri na waya da yake alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda. MMM ya rufe da kuɗin mutane a Disamba 2016, CBEX ya maimaita a Afrilu 2025, kuma masu digiri suna cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Akwai kuma maganar mallaka. Kayan barka da kuɗin bikin da aka kawo wa mace nata ne, abin da aka ba jariri na jariri ne. Mijin da ya karɓe su don ya biya kuɗin rago ya ci bashi ne, ko da bai kira shi bashi ba. Tanadin da zai ɗore shi ne wanda miji da mata suka zauna suka yi tun ciki yana wata biyar, kowa ya san abin da ake da shi da abin da aka yarda a bari.

Masu ja da wannan magana

Za a ce suna ba almubazzaranci ba ne, zumunci ne, kuma wanda ya yi rowar taro zai wayi gari ba shi da kowa ranar da ya shiga uku. Akwai gaskiya a nan. A ƙasar da hukuma ba ta tsaya wa kowa ba, mutane su ne jari, kuma taron suna yana cikin wuraren da ake sabunta wannan jari. Amma zumunta a ƙafa take, ba a girman rumfa ba. Dattijon da ya zo da asuba aka yi addu'a aka ba shi goro da dabino ya samu abin da ya zo nema. Abin da ya kumbura kuɗin suna a shekarun nan gasa ce tsakanin tsara, ba haƙƙin dangi ba.

Za a ce kuma mace ce za ta sha gori idan fitar suna ta yi rauni, a gaban kishiya ko dangin miji. Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa ragin da maigida ya yanke shi kaɗai, ya kuma zuba rarar a aljihunsa, zalunci ne da sunan tattali. Ragi yana yin ma'ana ne idan uwar ɗa ta ga inda kuɗin suka koma: asusu da sunan ɗanta, tunkiya a tsakar gidanta, katin inshora a hannunta.

Na uku za su ce bin haƙƙi a ofisoshi wahala ce, a yi ta zuwa ana cewa a dawo gobe, a ƙarshe a ce magani ya ƙare. Hakan yana faruwa. Amma tsarin da masu ilimi suka guje wa ba ya gyaruwa, domin su ne suka san yadda ake rubuta koke, suka san ofishin da za a kai shi. Lokacin da malamin jami'a ya gwammace ya biya daga aljihunsa maimakon ya tsaya a kan haƙƙinsa, manomin Kurfi da ba ya karatun boko ya rasa mai yi masa magana.

Abin da ya rage wa hukuma

Duk tanadin da aka lissafa na mai abin tanadi ne. Matar da aka raba da gonarta ta dawo gefen gari da goyo ba ta da abin da za ta rage daga suna. Ita tallafi kai tsaye take buƙata, kuma an riga an gwada shi a maƙwabta. Daga 2013 zuwa 2019, a ƙananan hukumomin Anka da Tsafe na Zamfara, da Buji da Gagarawa da Kiri Kasamma na Jigawa, wani shiri da Birtaniya ta ɗauki nauyi, ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger suka gudanar, ya riƙa bai wa mata naira 3,500 a wata, daga baya 4,000, tun daga goyon ciki har yaro ya cika shekara biyu, haɗe da wayar da kai kan ciyarwa. Binciken da aka yi a kansa ya nuna tsumburewa ta ragu, kuma matan sun kashe kuɗin a kan abinci da ƙananan sana'o'i. Dutsin-Ma da Kurfi mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai, suna da 'yan majalisar jiha da shugabannin ƙananan hukumomi. Tambayar me ya hana a yi irin wannan a nan ta fi cancantar a yi musu a kan roƙon buhun shinkafa da azumi.

Kafin wannan ya samu, akwai abin da mai albashi zai iya yi a wannan makon. Idan ƙanwarsa ko matar maƙwabcinsa ta haihu, maimakon turmin zani na biyar da zai shiga akwati, yana iya ɗaukar maigidan a babur ya kai shi wurin jami'in rajista, ya tambayo masa cibiyar da ake sa sunan marasa ƙarfi a gundumarsu, ya rubuta masa ranakun riga-kafi a bayan kati. Idan kuma tasa haihuwar ce, ya yanka ragonsa ɗaya, ya ciyar da maƙwabta, ya bar mutane su ga cewa mai hali ma yana iya tsayawa a nan. Ƙananan ma'aikata da suke kallonsa sun daɗe suna jiran wanda zai fara.